Baƙin Jaki a Ƙunshin Ƙosai

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Shi sa kin sauka Yamai lafiya, gajiyar hanya ta bi lafiya. Allah Shi tsare mini ke daga sharrin baƙon wuri, Shi haɗa ki da abokan zama na kirki, Shi buɗa miki karatun jami'ar da kinka tafi nema. Innarki tana gaishe ki, da ƙanwarki Sa'a. Kowa lafiya lau, kuma ba labarin gida na zauna in ba ki ba. Sani direba zai kawo miki wagga takarda in ya sauke siminti, tare da wani ƙunshi. Kada ki kwance ƙunshin bisa tufafinki, akwai mai a jikinshi.

Uwani, tun da nike ban ga abin da ya ɗaure mini kai kamar na washegarin tafiyarki ba. Na fito da safe zan tafi Malbaza wajen lodi, na tsaya ƙofar gida, gwaggonki Hajo ta ƙunsa mini ƙosai kamar kullum. Na shiga mota, na kwance, na kai ɗaya baki, sai idona ya faɗa kan takardar. Rubutun keke ne, kuma keken rubutun burona, wato ofishina, don duk Ƙonni ba keken da "n" ɗinshi ke ɗaga kai sama da sauran baƙaƙe in ba nawa ba. Ta cikin mai na karanta layi guda: jaki ya tsaya bakin rijiya, hawaye na zuba. Wallahi ban san sadda ƙosan ya faɗi ba.

Labarinki ne. Labarin da kinka cinye damina guda kina rubuta wa yara, na baƙin jakin Badagishiri mai ɗaukar albasa zuwa kasuwa, wanda idonshi ke zubar da ruwa, kowa ya ɗauka baƙin ciki ke damunshi, kowa ya kawo nashi magani. Ni na ba ki mabuɗin buro kinka buga shi. Ni na ba da shi anka kai wa Mushe Abdu, malamin nan na Tawa, mai duba littattafan da yaran lakwal, makarantar boko, ke fara karatu da su cikin Hausa. Na ga sadda ambulan ta dawo, na tambaye ki, kinka ce, "Baba, a bar maganar." Na bari, ina cewa kunya ce.

Na fito daga mota na koma wajen Hajo.

"Hajo, ina kinka samu wagga takarda?"

"Ta ƙosai? Ɗiyarka ta ba ni. Ta ce in ƙunsa, ba su da sauran amfani."

"Duka?"

"Kai Idi, mi ya same ka? Ka zare ido kamar an ce kamyonka na ɗaukar siminti ya kife. Takarda ce hwa. Mai kyau ma, ba ta yagewa kamar ta buhun siminti da kake kwaso min."

Na janye abin da ya saura ƙarƙashin ƙafarta, na sa ta lissafa mini duk wanda ya sayi ƙosai tun da ta ɗora kasko. Tana faɗi tana dariya. Ki duba hwa, ni Alhaji Idi, da babbar rigata, mutumin da in ya shigo tasha direbobi ke miƙewa, ina bin mutane ɗaya ɗaya ina roƙon takardar da sunka ci ƙosai ciki. Na samu ɗaya wajen tela, har ya goge almakashi da ita. Na zaro wata cikin kwandon sharar mai shayi, da hannuna, mutane na kallo. Na isa shingen bakin gari, jandarman da ke wurin ya saurare ni har na gama, ya ce, "Alhaji, yau kuma kai ke tambayar mu takardu?" Ya laluba aljihu ya miƙo mini, a dunƙule. Wata sai a Tsarnawa na cim mata, gaban motar wani mai ɗaukar fasinja. Kafin azahar duk tasha ta ji wai Alhaji Idi ya taɓu. Su faɗi.

Da na isa Malbaza na bar yara da lodi, na rufe ƙofa, na shimfiɗa takardun bisa tebur. Sai na ga abin da kinka gani: ja. Ko'ina ja, kamar an yanka kaza bisa shafin. Nan na gane abin da ya faru. Ke ɗiyar lakwal ce tun daga ajin farko har lise, ƙarshen sakandare, kuma a lakwal jan bik, alƙalamin gyaran malami, hukunci ne. In mushe, malamin aji, ya cika kayenka, littafin rubutunka, da ja, kai ka san sifili ke ƙasa. Kin buɗe ambulan, kin ga ja, kin rufe. Ke da ba ki taɓa komowa gida da jan kaye ba.

To ni na karanta jan. Uwani, kusan dukanshi ƙugiya ce! Keken nan na Faransa ne, ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ. Kin sani, na sha faɗa miki in an gama bugu sai an bi da hannu an sa wa baƙaƙen ƙugiyarsu. Kina gaggawar a kai kafin mota ta tashi, ba ki bi ba. Bawan Allahn nan ya zauna ya bi miki su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke ya kamata ki yi. Tun daga sunan labarin: kin buga "Bakin Jaki", ya tambaya a gefe, "Bakinshi ko baƙinshi?" Inda idon jaki ya cika da ƙwalla, ke kin cika shi da kwalla, irin wadda innarki ke tara ruwa ciki. Kuma na tabbata ba ki karanta ba, don a shafin da mai maganin gargajiya ke ɗura wa jaki jiƙo, ya rubuta da wannan jan bik ɗin, "Nan na yi dariya har mutanen buro sunka leƙo." Wanda ya ga wannan ba shi ba Hajo takarda.

Zauna ki ji nawa, don abin da ya same ki bai kai rabin wanda ya same ni ba.

Kin san ban yi nisa a kolej ba. Tsohona ya rasu, na fita na kama karen mota, daga nan direba, daga nan abin da kike gani yau. Ba wanda ya ɗaga ni. Rubutun Hausa ma ajin yaƙi da jahilci na bi na koya, ina da gemu, cikin mutanen da ke wanke mini mota. Shekarun da anka rufe iyaka, motoci sunka tsaya, zama ya ishe ni, na fara rubuta wa yara 'yan labarai. Na farko na wata yarinya ce, Tabawa, mai zama da kakarta bakin hanyar Malbaza, inda manyan motoci ke tayar da ƙura. Kullum tana share ɗakin kakar. Nufina yara su koyi tsabta da jin ƙan tsofaffi. Na rubuta da hannu, tsaf, kowace ƙugiya a wurinta. Anka karɓa a Tawa, anka ba mai keke ya buga. Sunka aiko in zo in duba kafin a sa a injin da ke fitar da kwafi da yawa. Ki ji amsar da na aika: abin da na rubuta na san shi, a buga.

Ranar da littattafan sunka fito, ni na ɗauko su a motata, a ɗaure, na kai lakwal ɗin Badagishiri. Ban buɗe ko ɗaya ba. An sa mini kujera gaban aji, mai gari na zaune, iyayen yara na tsaye ta taga. Mushe ya raba, ya ce wata yarinya ta tashi ta karanta wa Alhaji labarinshi. Ta tashi, ta sa yatsa, ta fara: "Kullum da safe kura tana shiga ɗakin kaka. Tabawa ta ɗauki tsintsiya ta kore ta. In mota ta wuce, sai kura ta dawo. Kura ta hau gado. Kura ta shiga cikin fura. Kura ta shiga hancin kaka." Na buɗe nawa da sauri. Ga kura nan tsakiyar shafi, mai zane ya zana ta da haƙora, tana leƙen ɗakin tsohuwa. Shi ma abin da anka buga ya karanta. Can wata 'yar ƙarama ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ƙaƙa kura ka shiga hanci?" Mai gari ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunshi na rawa. Ni ban san yadda na fito ajin nan ba.

Saboda haka, duk abin da ya fito daga keke, naki ko na wani, ki zauna ki bi shi da yatsa, baƙi baƙi, kina faɗi da baki. Idonki ya riga ya san labarin, zai riƙa gaya miki abin da kike nufi alhali wani abu ne daban kan takarda. In an ce ki zo ki duba kafin a buga, ki tafi, ko da ƙafa. Abin da ya shiga inji ya shiga hannun yaran da ba za ki taɓa gani ba.

Amma ba nan abin ya tsaya ba. Na koma lakwal ɗin da bik, na tattara littattafan zan sa wa kowace kura ƙugiya, in manne zanen da takarda. Yaran sunka ƙi. Wani ya ɓoye nashi cikin riga. Sunka ce su dai a bar musu kura, don yarinyar da ke korar kura da tsintsiya jaruma ce, amma shara kowa na yi a gidansu. Na yi fushi, na hau mota. Ina bisa hanya abin ya tsaya mini a rai, don gaskiyarsu: labarina na ƙura ba abin da ke faruwa cikinshi. Wa'azi ne na sa mishi sunan yarinya. Na dawo gida na sake shi tun daga tushe, da kura ta gaske, da tsintsiya, na fitar da hanci da fura. Na sake shi, na karanta wa yaran unguwa, na ga inda sunka fara wasa da ƙasa, na yanke wurin, na sake. Shi ne wanda kinka tashi kina ji ana karantawa, kina taƙama na babanki ne. Ba ki san a ajin kunya ya fara ba. Da na yi abin da kinka yi, da tuni an ci ƙosai da Tabawa.

Akwai na biyu kuma, ba na dariya ba ne, kuma shi ya sa na zare ido gaban Hajo. Kafin Inna mahaifiyata ta rasu, wadda kike ɗauke da sunanta har ba ni iya kiran ki da shi, na zaunar da ita ta ba ni labarin da take ba mu muna yara. Na rubuta shi daga bakinta yadda ya fito, da "tahi" ɗinta da "hwaɗi" ɗinta, da ɗan waƙen da take sawa a tsakiya. Takardun duk gogewa da karce. Wani abokin ciniki da ke zuwa daga Kano ya gani a burona, ya ce, "Alhaji, ai wannan Hausar ƙauye ce, ba a sa ta a littafi." Maganar ta cije ni. Na zauna na juye shi kaf cikin Hausar rediyo, na goge shi har ya yi santsi, na buga. Tsoffin takardun na ga sun yi ƙazanta, na yage na zubar. Bayan rasuwarta na karanta miki sabon, kina ƙarama, kina kwance bisa ƙafata. Kinka ɗaga kai kinka ce, "Inna ba haka take cewa ba." Na tashi in ɗauko na farkon, sai na tuna. Na yi ta ƙoƙarin maido shi daga kaina, har yau bai dawo ba. Labarin na nan, muryarta ce babu.

Don haka ki gyara, ki sake, ki juye sau nawa kike so, amma kada ki ƙara rabuwa da tsohon kwafi. Ki sa mishi zare ki jefa ƙasan akwati. Ranar da gyara ya kai ki daji, wajenshi za ki koma ki tambayi hanya. Kuma in za ki gyara, ki san don wa kike yi. Ni don mutumin Kano na gyara, shi kuwa ko karantawa bai yi ba.

Yanzu ga naki. In an cire ƙugiya, maganar Mushe Abdu ta gaske kaɗan ce. Ya ce farkon ya yi tsawo, kuma na gwada na gani. Da la'asar na tara Sa'a da ƙawayenta a zaure na karanta musu abin da na tsinto. Duk inda kike kwatanta kwarin Badagishiri, da korayen garake, da hasken rana bisa ruwan rijiya, rubutu ne mai kyau, irin wanda mushen lise ke ba babbar lamba. Amma ɗaya na tsifar kai, ɗaya na kallon ƙadangare. Jaki na fitowa da hawaye, sunka matso har gwiwata. Ki fara da jakin yana kuka. Kwarin zai shigo da kanshi in jaki ya bi ta cikinshi. Ya kuma ce masu magani sun yi yawa, biyu daga ciki abu guda suke yi. Gaskiya ne, ki zaɓi wanda ya fi ban dariya ki sallami ɗayan, ko da kina son shi.

Akwai wuri guda da ban yarda da shi ba, kuma in na gan shi zan faɗa mishi. Tsohuwar nan mai sayar da kuka a bakin kasuwa, inda ta ce wa mai jaki "tahi da shi inuwa", ya maida shi "tafi". Tsohuwar Badagishiri ba ta cewa tafi. Ki bar mata bakinta, ki rubuta mishi da ladabi ki faɗi dalili. Ba duk ja ake bi ba, amma duk ja ake karantawa kafin a ƙi shi.

Ga abin da ban so in faɗa ba. Duk yawon da na yi, shafin ƙarshe ban same shi ba. Hajo daga ƙasan ɗaurin ta fara zara, da shi ta hura wuta. Na tambaye ta ko ta tuna wani abu a jikinshi, ta ce, "Ya kama da kyau dai." Ni kuwa ba ki taɓa bari na ga ƙarshen ba, kullum sai ki ce sai ya fito a littafi. Ina cikin karanta wa yaran, na zo inda duk masu magani sunka gaza, tsohuwar ta sunkuya, ta sunsuna buhun da ke bayan jaki, ta ɗaga kai ta ce. Nan takarda ta ƙare. Na juya, ba komi sai mai.

Sa'a ta ce, "Ta ce mi, Baba?"

Na ce ban sani ba.

"Ai kai ma kana rubutawa. Ƙarasa muna."

Zan iya, kin sani. Da na buɗe baki da na ƙera musu wani abu sun tashi suna murna. Ban yi ba, kuma ba ni yi. Na taɓa sa bakina a labarin mai sunanki sau ɗaya, na ga abin da ya bari. Na ce musu wadda ta san abin da tsohuwa ta ce tana Yamai. Sa'a ta yi fushi da ni, ta ƙi cin tuwo sai da innarki ta lallashe ta. Tun ranar, duk kamyon da ya tsaya ƙofar gida sai ta fita ta tambayi direba ko an ba shi saƙo.

Ban rubuto don in yi miki faɗa ba, ko da yake ranar da na zaro takardarki cikin kwandon shara, da kina kusa da kin ji muryata. Karatun jami'a shi ya kai ki, ki riƙe shi da kyau. Amma abin da ke cikin ƙunshin nan ba ni da irinshi, ni da na fi ki shekaru cikin aikin. Ban taɓa sa mutumin buro dariya shi kaɗai a ɗaki ba. Na jera miki shafukan yadda suke, na busar da su a rana, wanda ya yage na manne. Ƙanshin ƙosai dai ba shi fita. Na sa farar takarda a ƙasa, da jan bik sabo. Wanga karo ke za ki riƙe shi. Ki bar labarin shi huta har ki saba da wuri, sannan ki sake shi a hankali, ki nemi yaran gidan da kike ki karanta musu, ki duba idonsu. Wannan ba gaggawa. Amma shafin ƙarshe, Sani zai kwana biyu a Yamai kafin shi juyo. Ki ba shi ko da da hannu kinka rubuta, da ƙugiyarshi cikakka, don akwai mai jira a ƙofar gida.

Allah Shi yi miki albarka, Shi tsare gabanki da bayanki, Shi kare ki a hanya da masauki, Shi raba ki da ciwo da mugun aboki. Ki riƙe salla bisa lokaci. Allah Shi maido mini ke lafiya, Shi jiƙan mai sunanki. Amin.

Babanki,
Alhaji Idi, Birnin Ƙonni